Damben Da Muke Tashi Kallo Kafin Asuba

Mu yaran unguwarmu a Zariya da dambe muka tashi. Kafin mu san boksin, mun san fagen damben gargajiya: hannu ɗaya an naɗe shi da zare, turmi uku, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Babu gardama, kowa ya gani da idonsa. Da muka fara shiga gidan kallo muna ganin damben Turawa a kaset, sai muka ɗauka abu ɗaya ne, safar hannu kawai aka ƙara.

Kaset ɗin da muka fi nema shi ne na Kinshasa, 1974. Muhammad Ali ya jingina da igiya, ya bar George Foreman yana ta jibgarsa har ƙarfinsa ya ƙare, a zagaye na takwas ya kwantar da shi. Manya kuma suna ba mu labarin Hogan Bassey da ya ci kambun duniya a 1957, da Dick Tiger a 1962, duk 'yan Najeriya. Abin da ya ja mu ɗaya ne. A ƙasar da komai sai ka san wani, ga wuri guda da babu alfarma. Mutum biyu, igiya ta kewaye su, ubangidanka ba zai shigo ya karɓar maka naushi ba.

A watan Maris na 1999 muka fara farkawa. Saboda bambancin lokaci, damben Amurka sai gab da asuba yake zuwa mana, don haka muka kwana a gidan abokinmu mai setilayit. Zagaye goma sha biyu Lennox Lewis yana gaba da Evander Holyfield, har mun fara taya juna murna, sai alƙalai suka ce canjaras. Muka tafi masallaci babu mai cewa uffan. Ashe a nan ma ana iya gani da ido, takarda ta faɗi wani abu dabam.

Daga nan muka fara lura. Hukumomi huɗu ne manya, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da nata kambun, kowace tana karɓar kasonta idan an yi wasa a kansa. Shi ya sa a aji ɗaya za ka ji zakaran duniya fiye da ɗaya. Gwanaye biyu kuwa ba sa haɗuwa sai dillalai sun gama ciniki. Tun 2009 ake maganar Mayweather da Pacquiao, ba su kara ba sai 2015, bayan an tashi kuma aka ce Pacquiao da ciwon kafaɗa ya shiga.

Amma abin da ya fi ci mana rai ba kuɗi ba ne. Mun koma mun kalli wasan Ali da Larry Holmes na 1980. Yana da shekara 38, ya sha duka zagaye goma kafin mai horar da shi ya ce a tsaya. Muka tuna shi a Atlanta a 1996, yana kunna wutar gasar Olamfik hannunsa na karkarwa saboda cutar Parkinson. Duk naushin da muka taɓa yi wa shewa, a kan ɗan wani ya sauka.

A 2024 aka haɗa Mike Tyson, yana da shekara 58, da Jake Paul, saurayin da ya yi suna a YouTube. Mun ce wannan kam ba za mu kalla ba. Ƙarfe huɗu na dare duk mun hallara. Dillalan da muke zagi sun san mu sarai, da irinmu suke cin kasuwa.

Kwanakin baya ɗan ɗaya daga cikinmu ya zo majalisa ya durƙusa, ya ce: "Baba, ina so a sa ni koyon boksin." Mu shida ne a kan tabarma, kowa ya fi shekara talatin yana kallon wannan wasa. Babu wanda ya goyi bayansa. Yaron ya ce: "To, Baba, me ya sa kuke tashi kallo?" Har yau ba mu ba shi amsa ba.