Allurar Murar Yaya

Yayata tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila. Ita ke biya mini kuɗin makaranta tun shekarar farko, don haka ko ina tsakiyar lakca ta kira, sai na fita.

A watan Oktoba ta kira ranta a ɓace. Manajansu ya matsa wai kowa ya je a yi masa allurar rigakafin mura kafin sanyi ya shigo. Doka ba ta tilasta ba, amma abokan aikinta ba su manta 2021 ba, lokacin da aka ce wanda bai yi rigakafin korona ba ya bar aikin. Sai a Maris 2022 aka janye dokar.

Nan take na zuga ta. Mu 'yan Kano da muka taso da labarin gwajin maganin sanƙarau na 1996, wa zai koya mana tsoron allura? Na ce, "Yaya, jikinki ne fa, kar ki yarda."

Bayan kwana uku ta ce ai an yi mata. Akwai wata tsohuwa mai shekara casa'in da take yi wa wanka kullum. "Murar da ni zan sha farasitamol in wuce, ita sai ta zame mata ciwon huhu. Kuma ba ita ke zaɓar wanda zai yi numfashi a kanta ba."

Har yau tilas ba ta kwanta mini ba, gaskiya. Amma da na je gida da mura a hunturun nan, daga bakin ƙofa na gaida Kaka. Ta ce boko ya sa na fara ƙyamarta.