Kama da Wane Ba Ta Wane

Kowace shekara nakan tarar da kuskure iri ɗaya a takardun ɗalibaina, kuma daga ajin Ingilishi yake biyo su. Yaro zai rubuta *prétendre* yana nufin mutum ya nuna abin da ba shi ba, alhali a Faransanci ma'anarta yin iƙirari, wanda yana iya zama gaskiya. Ƴar'uwarta ta Ingilishi, *pretend*, ita ce ta ɗauki waccan ma'ana. Latinanci ne ya haife su duka biyu. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci da yawa sun ƙetare teku, kowace ta yi sabuwar rayuwa a can.

Da na bi sawun danginta a Ingilishi, sai na ga ba nauyinsu ɗaya ba. *Pretend* ce mafi sauƙi, har yarinya mai goya ƴar tsana tana yin ta, babu wanda ya cutu. *Feign* aikin fuska da jiki ce: ciwon ƙarya, barcin ƙarya, mamakin ƙarya. Daga *feindre* ta fito, tushenta kuwa kalmar Latinanci ce ta murza laka a fitar da siffa, kamar maginin tukunya. *Fake* kuma daga zaurancen ɓarayin Ingila ta shigo, shi ya sa ta dace da kuɗi da magani da sa hannu, inda dole wani ya yi asara. A 1625 Francis Bacon ya raba *simulation* da *dissimulation*: ta farko nuna abin da babu, ta biyu ɓoye abin da akwai.

Hausa ma ta yi wannan rarrabewa tun da daɗewa. Mai wasan kara a Damagaram yakan yi shigar shugaba, jama'a su yi dariya, domin kowa ya san kwaikwayo ne. Wanda ya rufe ido don kada a aike shi likimo ya yi. Maharbin da ya ɗaura kan tsuntsu a goshi don namun daji su saki jiki da shi, shi ya ba mu shigar burtu. Kuɗin da aka buga a ɓoye jabu ne. Ibada don idon mutane riya ce. Musa a baki, Fir'auna a zuci, wannan munafunci ne.

Wurin da abin ya fi damuna shi ne kara da alkunya. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, take kau da kai kamar ba ta damu da shi ba, ɓoye abin da akwai take yi, kuma soyayya ce take ɓoyewa. Baƙon da ya ce ya ƙoshi alhali yana jin yunwa, asirin mai gida yake rufawa. Ɗalibin da ya fassara wannan da *hypocrisie* ya sa uwarsa a sahu ɗaya da Tartuffe na Molière.

Don haka nake roƙon ƴan'uwana malamai, kada mu bar yara da kalma ɗaya tilo, wato ƙarya. A kan kowace kalma mu tambaye su: wa ya san wasa ne, wa ya cutu, me aka ɓoye? Yaron da ya iya amsawa zai gane mai kunya, zai kuma gane mayaudari ko da ya zo da rawani.