Yumɓun da ba ya tsada sai an tono shi

Cikin kayan da ke fita daga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, kaɗan ne suka shiga gidajen Kanawa kamar roba: buta da bokiti da jarka. Sannu a hankali sun tura tulu da randa lungu. Sai dai yumɓu yana da wata ɗabi'a. Idan ya daɗe a binne, wata kasuwa ce ke jiransa, ta masu tara kayan tarihi.

A kudancin Italiya, wajajen birnin Foggia na yau, an yi wata al'umma a yankin da ake kira Dauniya. Tsakanin ƙarni na 7 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, suna gina tukwane, suna ƙawata su da layuka da da'irori cikin ja da baƙi, suna kuma binne su tare da mamatansu. Kabari ne ya tsare tukwanen daga fashewa, shi ne kuma ya jawo masu tono cikin dare. Tun 1909 dokar Italiya ta ce abin tarihin da aka tono mallakar ƙasa ne, a 1969 kuma aka kafa runduna ta musamman domin farautar kayan da aka sace.

Arewacin Najeriya ya san wannan ciwo. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da mutum-mutumin yumɓu a Nok. A shekarun 1990 kuwa, irin waɗanda ake dangantawa da Sakkwato da Katsina suka cika shagunan dillalai a Turai, duk da dokar 1979 da ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya ukun duka cikin jerin kayan Afirka da ake wawashewa.

Asarar ta wuce ta kuɗi. Masanin tono yana gane shekarun abu da ma'anarsa daga zurfin da aka same shi, da gawayi da tsingaron da ke kewaye da shi. Mai tonon dare yana watsar da wannan shaida duka. Shi ya sa ake iya sanin farashin mutum-mutumin Katsina a Paris, alhali sunan al'ummar da ta gina shi ya ɓace.

A 2002 Faransa ta amince cewa biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato da ta saya mallakar Najeriya ne, amma suka zauna a hannunta a matsayin aro na shekara 25 da ake iya sabuntawa. Wa'adin farko yana cika a 2027. Kafin nan, ya kamata ɗalibin da ke ziyartar Gidan Makama ya san cewa yana bin wannan bashi, domin mai kaya ne kaɗai ke da bakin cewa a dawo masa da abinsa.