Liechtenstein: Ƙasar da Talakawa Ke Iya Soke Sarauta

Daga garin Buchs na Suwizalan bas ke ɗaukar matafiyi ta tsallaka da shi kogin Rhine, sai ga shi a Liechtenstein, ba shinge, ba mai tambayar fasfo. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 160 ne, mutanenta kuwa wajen dubu 40. Tun 1868 ta sallami sojojinta, kuɗin da take kashewa ma na Suwizalan ne.

Da na tsaya a dandalin Vaduz, babban birnin, sai na ga tsarin mulkin da idona. A ƙasa ga majalisar dokoki, Landtag, ginin bulo mai launin ƙasa-ƙasa da rufi mai tsini, kujerunta 25 kacal: 15 na yankin kudu, 10 na arewa. Ɗaga kai kaɗan, ga fadar sarki a kan dutse tana leƙen majalisar. Ministoci biyar ne ke tafiyar da gwamnati, har da firaminista.

Sarkin nan ba na ado ba ne irin na Ingila. Doka ba ta zama doka sai ya sa hannu, kuma yana iya rusa majalisa ko ya sallami gwamnati. Hans-Adam na II ya hau gado a 1989, a 2004 kuma ya miƙa ragamar aiki ga ɗansa, Yarima Alois. Albashi ba ya cikin lissafinsu, domin gidan sarautar ke da bankin LGT.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne talakawa da kansu suka ƙara wa sarki wannan ƙarfi. A ƙuri'ar raba gardama ta 2003, bayan Hans-Adam ya yi barazanar tattara iyalinsa ya koma Vienna, kusan kashi 64 cikin 100 suka mara masa baya. A 2012 wasu suka nemi a rage masa ikon hawa kujerar na-ƙi, kashi 76 suka ce a bar shi yadda yake.

Sai dai wuƙa da nama ba a hannu ɗaya suke ba. Kundin tsarin mulki ya ba mutum 1,500 damar sa hannu su nemi a jefa ƙuri'ar soke sarautar baki ɗaya, kuma a wannan batu sarki ba shi da ikon hawa kujerar na-ƙi. Kowace daga cikin gundumomi 11 ma na da 'yancin neman ɓallewa. Mu da muka saba ganin gwamna ya tuɓe sarki da takarda guda, wannan sabon karatu ne.

Tsarin bai rasa tabo ba, don sai a 1984 mata suka sami damar zaɓe. Duk da haka, sarautar Liechtenstein tana tsaye ne saboda masu ikon rushe ta sun zaɓi su bar ta.