Dare Ɗaya a Dutsen Sina'i

A shekararsa ta biyu a Jami'ar Azhar karatu ya cije masa, har ya fara tunanin tattara komatsansa ya koma Katsina. Ana haka hutu ya zo, abokai suka ja shi yawon buɗe ido zuwa Sina'i.

Tsakar dare suka fara hawan Jabal Musa, daga kusa da tsohon gidan ibadar Santa Katarina. Tsayin dutsen mita 2,285 ne, ga sanyin da hunturun gida bai taɓa nuna masa irinsa ba. Da suka iso matakala 750 na ƙarshe, inda raƙuma ke tsayawa, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya zauna ya ce shi kam iyakarsa ke nan.

Balaraben ƙauyen da ke yi musu jagora bai lallashe shi ba. Shayi ya miƙa masa, ya haska masa matakala ɗaya, sannan ta gaba.

A ƙololuwa ya yi sallar Asuba, yatsunsa na karkarwa. Da ya koma Alƙahira bai sake ƙirga littattafan da suka rage masa ba. Shafin da ke gabansa kawai yake dubawa.