Ƙugiyar Harafi da Umarnin Kwamfuta

Tun da aka san ina ɗan taɓa rubuta manhaja, 'yan'uwa ɗalibai da matasan garinmu, Kurawa ta ƙasar Sabon Birni, sukan kawo mini tambayoyi. Da na auna su, sai na tarar mafi yawansu a wuri ɗaya suke haɗuwa, watau yadda kwamfuta take mu'amala da haruffan Hausa.

Tambaya ta fari ita ce: don me ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su koma alamar tambaya? Dalili kuwa shi ne kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, alamu 128 ya tanada, babu mai ƙugiya ko ɗaya a ciki. Da tsarin Unicode ya fito, daga 1991, irin haruffanmu sun sami lambobinsu a cikinsa. Saboda haka duk wanda zai buɗe fayil ko ya adana shi, sai ya faɗa wa na'urar ƙarara cewa da UTF-8 za ta yi aiki, kada ya bar ta ta zaɓa masa.

Ta biyu ita ce jeranta kalmomi. In ka umarci harshen Python ya jera sunaye, bisa lamba zai jera, har Ɗanladi ya koma bayan Zubairu. Maganin wannan shi ne ka rubuta jerin baƙaƙen Hausa da hannunka, ka haɗa da sh da ts, ka ce da shi za a yi awo.

Ta uku ita ce hamzar da ke cikin Sa'idu da Mu'azu. Harsunan kwamfuta da yawa da wannan alama suke buɗe zance su rufe shi, don haka sunan yakan tsinke a tsaka, umarnin ya rushe. A miƙa wa rumbun bayanai sunan daban, umarnin daban, kada a ɗinke su a jimla guda. Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙari: abin da muke rubutawa 'y, 'yan'uwanmu na Maraɗi ƴ suke rubuta shi. Manhajar bincike sai an koya mata cewa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Wasu sukan ce a zubar da ƙugiyar mana, kowa ya huta. Ni ban yarda ba. Fadar Sarkin Gobir na Isa daban, faɗa daban, ƙugiya ce kaɗai ta raba su a takarda. Bagobiri kuwa ya fi kowa sanin cewa ɗan zane a kumatu yakan faɗi asali. Balle a shekarun nan da rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyukan gabashin Sakkwato, ake rubuta sunayen 'yan gudun hijira cikin na'ura: wanda sunansa ya gurɓace, in an neme shi ba za a same shi ba, rabonsa ya wuce shi.

Shawarata ga ɗaliban wannan sashe ita ce, kafin ka ce manhajarka ta kammala, gwada ta da sunayen mutanen unguwarku. In ta riƙe su ba tare da ta ci ƙugiya ko hamza ba, to, ka miƙa ta ga jama'a.