Garin Townsville Da Tafkin Murjaninsa

A gaɓar arewa maso gabas ta ƙasar Ostireliya, cikin jihar Queensland, akwai wani gari mai tashar jiragen ruwa da ake kira Townsville. Tsakaninsa da Brisbane, hedkwatar jihar, ya yi kilomita 1,300. Gari ne mai zafi da yawan hasken rana, ga wani jan dutse da ake kira Castle Hill ya tokare a tsakiyarsa, wanda in mutum ya hau kansa zai hango tsibirin Magnetic can cikin teku. Bayan wannan tsibiri, nesa da ganin ido, nan jerin duwatsun murjani mafi girma a duniya ya shimfiɗu, tsawonsa kimanin kilomita 2,300. Hukumar da aka kafa a 1975 don ta tsare wannan dukiya a Townsville take da zama.

Murjanin da ake nufi a nan ɗan'uwan wanda mata ke ratayawa ne a wuya, ko da yake wancan ja ne, galibi daga Bahar Rum ake fito da shi. Mai kallo zai ɗauka dutse ne ko tsiro, alhali kuwa dabba ce 'yar mitsitsiya, wadda ke zama cikin dubban 'yan'uwanta, tana zuƙo sinadarin alli daga ruwan teku tana gina wa kanta gida. A cikin jikinta kuma akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa hasken rana ta ciyar da ita. Saboda haka murjani ba ya son ruwa mai dauɗa, ba ya son duhu, ba ya kuma jure wa zafin da ya wuce kima.

Da yake ba kowa ke iya shiga jirgi ya nutsa cikin teku ba, sai shugaban hukumar na lokacin, Graeme Kelleher, ya ga ya kamata a kawo wa jama'a tekun har cikin gari. Aka gina wani makeken tafki a bakin rafin Ross, aka buɗe shi a 1987. Yana cin ruwa lita 2,500,000, ba a kuwa yi masa rufi ba, don rana da wata da ruwan sama su same shi kamar yadda suke samun teku. Aka sa masa injin tayar da igiyar ruwa, aka yi wa baƙi hanya ta gilashi inda za su bi suna kallon kifaye.

To, amma tafki ba teku ba ne. Kifi yana ci yana kashi, kashin ya zama amoniya, wadda guba ce. Ƙwayoyin bakteriya su juya ta zuwa naitiret, shi kuwa in ya taru sai ya zama taki, gansakuka ta yi ta tofo har ta lulluɓe murjanin. A teku ruwa mai yawa ke kwashe wannan ƙazanta. A tafki kuwa tilas a zaɓi matata, kuma kan wannan zaɓi ne ran duk abin da ke ciki ya rataya.

A wancan zamani hanyoyi biyu ne suka yi suna. Ta farko masu kiwon murjani na birnin Berlin ta Jamus suka fito da ita: a cika tafki da duwatsun teku masu ɗauke da bakteriya, sa'an nan a haɗa da na'urar yaɗe kumfa. Ita wannan na'ura iska take busawa cikin ruwan gishiri, dauɗa ta manne wa kumfar ta taso sama, a yaɗe ta a zubar tun ba ta ruɓe ba, kamar yadda mai dafa nama ke yaɗe kumfar tukunya. Ta biyu ta wani masani ce na cibiyar Smithsonian da ke Amurka, Walter Adey. Shi cewa ya yi a bar tsiro ya yi aikin. A shimfiɗa raga cikin faifai marasa zurfi, a riƙa kwararo ruwan tafki a kansu cikin haske, gansakuka ta tsiro ta shanye takin, lokaci lokaci a kankare ta a jefar.

Mutanen Townsville suka zaɓi ta biyu. Ba kuwa za a ce sun yi wauta ba, gama hanyar ta fi kama da yadda Allah ya tsara abin a teku, ga rana kyauta a garinsu. Gansakukar ta yi abin da aka sa ta, ta rage takin. Duk da haka murjanai masu tauri suka riƙa mutuwa, sai an koma teku an ɗebo sababbi. Kankare faifan nan kuma aiki ne mai cin ma'aikata.

Da aka tsananta bincike sai aka gane cewa an sa ido kan abin da za a cire daga ruwa, an yi sakaci da abin da ya kamata a mayar masa. A teku kowace lita tana ɗauke da kalshiyam wajen miligiram 400. A tafkin da aka rufe, ana ta juya ruwa guda, murjani da sauran halittu masu gina ɓawo sun zuƙe shi har ya yi ƙasa ƙwarai. Ruwa ga shi garau a ido, amma maginin ya rasa tubali.

A 2002 aka rufe gidan na 'yan watanni aka yi masa gyara. Aka rage dogaro da faifan gansakuka, aka kafa manyan na'urorin yaɗe kumfa, aka shiga ƙara wa ruwan kalshiyam, aka kuma riƙa sabunta shi da ruwan teku da ke shigowa rafin Ross in teku ta cika. Daga nan murjanai suka fara daɗewa, suna girma.

Har wa yau gardamar ba ta mutu ba tsakanin masu ajiye ƙananan tafkunan gilashi a gidajensu. Da yawansu sun daina ɗaukar ɓangare: su sa duwatsu masu rai, su sa na'urar kumfa, su ware ɗan akwati a ƙasa inda tsiron teku zai shanye ragowar taki, sa'an nan su riƙa auna kalshiyam a kai a kai. Wanda kifi kaɗai yake kiwo zai iya wadatuwa da ƙasa da haka. Mai murjani mai tauri kuwa ba shi da wannan sauƙi.

Gidan kifin na Townsville, wanda aka sani da suna Reef HQ, ya yi shekara 33 da 'yan watanni yana karɓar baƙi, har da asibitin kunkurun teku da aka ƙara masa a 2009. An rufe shi a watan Fabrairu na 2021 don a sabunta ginin, wanda ruwan gishiri ya daɗe yana ci.